Ɗakin da muka saya wa Umma, ashe a takarda babu shi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe inaso in rubuta wannan abin amma duk sanda na ɗauko waya sai inji zuciyata tayi nauyi in ajiye. Shekaranjiya wata ƙawata ta kirani tana murna wai sun samu gida mai sauƙin kuɗi, har da ƙarin ɗakuna biyu a sama da maigidan yayi da kanshi, wallahi tana faɗin "da kanshi" naji gabana ya faɗi, nace mata dan Allah kar ku bada ko riyal ɗaya sai kin saurareni. Abinda na gaya mata shi zan gaya muku. Hausarmu ta nan Jidda a cakuɗe take da Larabci, inda na sa kalmarsu zan yi ƙoƙari in bayyana.

Ni haifaffiyar Jidda ce, mahaifina ma nan aka haifeshi. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya bi ta Borno da Chadi ya shiga Sudan, yana tafiya yana tsayawa ƙwadago ya samu guzuri, shekara da shekaru kafin ya iso Sawakin ya hau jirgin ruwa ya tsallako. Aikin hajji ya kawoshi, Allah yayi zamanshi a nan. Gidan da ya gina a unguwar Gulail a ciki aka haifemu mu biyar, nice babba. Kuma gidan nan ba rana ɗaya aka ginashi ba, ɗaki biyu ne da farko, duk wanda zaiyi aure sai a sayo bulo da siminti a ƙara ɗaki, in ƙasa ta cika a hau sama. Haka kowa yakeyi a unguwar. Ban taɓa ji ance wani yaje neman izini kafin ya ɗora ɗaki ba, a wurinmu gida abu ne da yake girma tare da mutanen cikinshi. Ku riƙe wannan maganar dan ita ta rufe mana ido daga baya.

Ƙarshen 2021 aka fara rushe unguwannin da basu da tsari, fiye da unguwa 60 aka lissafa a Jidda, Gulail da Batromin da Karantina da Sabil da Kandara da Hindawiyya duk suna ciki. Wata safiya muka tashi muka ga an rubuta "ikhla" da jan fenti a bangonmu, wato ku tashi. Mu bamu da sakki, ita ce takardar mallaka ta hukuma, abinda kakanmu ya bari wasiƙa ce ta saye da sa hannun shaidu, toh mai irin wannan diyyar gini kawai yake tsammani banda ƙasa. Ba zan tsaya a nan ba dan wannan labari ne na daban. Na dai ga katafila ta shiga ɗakin da aka yi wa Baba wanka ranar da ya rasu.

Muka kama haya, shigga wato fulat a hawa na uku babu lifta, dan a lokacin kowa neman gida yake haya tayi tsada kuma abinda ka samu shi zaka kama. Umma tana da ciwon gwiwa da suga. Matar da ta saba tun asuba tana tsakar gida, maƙwabta na shigowa ana gaisawa, ranar juma'a tayi waina a aika gida gida, sai gata a kulle a sama kamar tsuntsu a keji. In ranar asibiti tazo ƙannena maza biyu ke ɗaukarta a kujera su sauko da ita, tana rufe fuska da mayafi dan kunya. Wata rana na dawo daga aikin dare, ni nas ce, na sameta zaune bakin taga tana kallon titi, tace min ke, ni dai kafin in mutu inaso in sake taka ƙasa da ƙafata ba tare da an ɗaukeni ba. Daga ranar na sa a raina ko me zai faru sai mun sayi gida.

Mun yi wata shida muna yawo da dallalai. Abinda muke iyawa bai yi mana ba, abinda yayi mana bama iyawa. Sai wani dallali da wani kawunmu ya haɗamu dashi ya kaimu wani tsohon gida a kudancin gari, na magada ne, mahaifinsu ya rasu suna so su raba. Ƙasa da sama ɗaya, sannan can kan rufin an gine shi kaf, ɗakuna uku da banɗaki. A gaba akwai rumfar mota da aka zagaye da bulo aka sa mata ƙofar ƙarfe. Amma abinda ya kamani yana baya. In ka ratsa kicin akwai wani ɗaki dogo, mai banɗakinshi a ciki, babu ko matakala ɗaya tsakaninshi da ƙofar gida, da 'yar ƙofa da take fita wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Ina shiga naga Umma a ciki, naga inda gadonta zai zauna, naga inda zata sa darduma.

Washegari muka sauko da ita muka kawota. Ta shiga da sandarta a hankali ta dafa bango, ta tambayi dallalin ina alƙibla, ya nuna mata, tayi shiru can tace Alhamdulillahi. Shikenan ciniki ya ƙare a zuciyata tun kafin a faɗi kuɗi.

Na tambaya kuwa, kar kuce ban tambaya ba. Nace akwai sakki? Yace sakki na lantarki ma, sabo fil, an gama rabon gado babu jinginar banki babu rigima. Ya nuna min a waya. Mu da muka fito daga gidan da bashi da sakki, jin wannan kalmar kaɗai ya ishemu, a tunaninmu duk masifar da ta samemu rashin sakki ne, toh ga sakki. Abinda ban sani ba a lokacin shine sakki ƙasa yake magana akai, faɗinta da tsawonta da iyakokinta da sunan mai ita. Abinda aka yarda a gina akan ƙasar yana wata takarda daban, rukhsar gini wato izinin gini, da zanen da baladiya wato hukumar gari ta sa wa hannu. Ita ban nema ba. Ban ma san ana nemanta ba.

Allah ya aiko mana da gargaɗi sau ɗaya muka tsallakeshi. Da farko ta banki muka so mu bi, suka turo mai kimanta gida, yazo da abin awonshi ya zagaya ya hau sama ya ɗau hotuna, bayan kwana huɗu aka kira ƙanina akace ba zasu bada kuɗi akan wannan gidan ba, ginin ya tsufa kuma bai dace da rukhsa ba. Muka gaya wa dallali, yayi dariya yace ya ukhti bankuna haka suke, tsohon gida basa so, duk layin nan wa bai ƙara ɗaki ba? Shekara 25 ɗakunan nan suna tsaye wa ya taɓa magana? Ya ƙara da cewa akwai wani mai kuɗi a hannu yana jira, in bamu shirya ba zuwa alhamis shi zai ba. Maganarshi ta shigeni dan tayi daidai da abinda na taso na gani. Rabin maganar bankin, ta tsufa, na riƙe, ɗaya rabin na barshi ya wuce ta bayan kunnena.

Riyal 780,000 muka daidaita. Yadda muka haɗa kuɗin nan Allah kaɗai ya sani, ajiyata ta shekara 14 ina aikin dare, bashin albashi da ƙannena biyu suka ci, ƙanwata ta ɗauki jam'iyya wato adashi, Umma ta kwance gwal ɗinta gaba ɗaya har da warwaron da Baba ya saya mata, kawu ya ranta mana sauran. Dallali ya karɓi sa'ayinshi wato la'adarshi kashi 2.5 cikin ɗari. Harajin cinikin gida na kashi 5 kam an ɗauke mana shi dan gidan farko ne na ɗan ƙasa kuma bai kai miliyan ba. A takardar da muka sa hannu a ofishin dallalin akwai layi ɗaya da yace mai saye ya duba gidan dubawar da ta kore jahilci kuma ya karɓeshi a halin da yake. Na karanta, na ɗauka maganar fenti da famfo ake. Watan Satumba 2022 akayi ifrag wato canza mallaka, sakki ya dawo sunana, muka tare, akayi sauka aka yanka rago, Umma ta soya waina a ɗan filin nan nata tana zaune akan kujera 'yar tsugunno. Wata biyu muka yi cikin daɗin da ban taɓa ji ba tun rasuwar Baba.

Sai ranar alhamis 24 ga Nuwamba. Duk wanda yake Jidda ya san ranar, ruwan da aka zuba daga safe zuwa azahar ance ya kai milimita 179 a kudancin gari, ya wuce na 2009 da ya cinye unguwar Guwaiza. Ina asibiti an hanamu fita, ƙanwata ta kirani tana kuka wai ruwa na zuba a ɗakin Umma ta silin kamar an buɗe famfo, sun ɗauketa sun kaita falo. Da na samu na iso da dare naga abinda ya faru. Ɗakin nan ashe a tsakanin ainihin bangon gidan da katangar maƙwabci aka cusa shi, katangar maƙwabcin ita ce bangonshi na huɗu, rufin kuma shinko ne wato kwano aka ɗora aka rufe da silin mai kyau daga ciki. Duk ruwan saman gidanmu nan yake sauka, daga nan ya bi katanga ya shiga gidan mutane.

Maƙwabcin dattijo ne, Ammu muke ce mishi. Da safe ya ƙwanƙwasa yace ya binti zo ki gani. Na shiga naga bangon majalisinshi wato falon baƙinshi ya jiƙe har rabi, fenti ya kumbura, kafet yana wari. Bai ɗaga murya ba. Yace shekara ashirin yana yi wa marigayin magana akan ɗakin nan, ana ce mishi in sha Allah, shi kuma yana jin nauyin maƙwabtaka bai kai ƙara ba. Ɗanshi ne da yazo ya gani ya kira 940, lambar kai ƙorafi baladiya. Na ji zafi a lokacin, har na kwana biyu bana gaida yaron, amma yanzu in na tuna bangon mahaifina ne aka jiƙa haka nima abinda zanyi kenan.

Bayan sati biyu murakib yazo, mai duba gine gine. Ya nemi rukhsa nace sakki gareni, yace ba shi na tambaya ba. Ya duba na'urarshi ya ɗaga kai ya kalli saman gidan ya sake kallon na'ura, ya liƙa mana takarda a ƙofa cewa mu je mu gansu. Wallahi da naga takardar nan manne a ƙofa jan fentin Gulail ne ya dawo min, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata na zauna a dakali. Na ɓanɓareta kafin Umma ta gani na sa a jaka.

Aka ce mu nemo ofishin injiniyoyi mai lasisi. Muhandis wato injiniyan da muka samu, Allah ya saka mishi da alheri, shi ya fara zaunar dani ya shimfiɗa tsohon zanen gidan akan tebur ya ɗora sabon awon da yayi a gefe. Nan naga gidan da na saya da gidan da hukuma ta sani, ba ɗaya bane. A zane saman rufin mulhak ne wato ƙarin gini ƙarami da bai wuce rabin rufin ba, marigayin ya cike sauran. Rumfar motar ta fita daga iyakar sakki ta ci titi da fiye da mita ɗaya. Inda ɗakin Umma yake kuma a zanen fari ne fat babu komai, sunanshi irtidad, tazarar mita 2 da ake bari tsakaninka da maƙwabci dan iska da haske da hanyar ruwa. Na sa yatsa a wurin nace toh ina ɗakin? Yace ya ukhti babu ɗaki a nan, ba a taɓa yin ɗaki a nan ba a wurinsu.

Nace mishi amma ai ba ni na gina ba, shekara 25 kenan, mutumin ma ya rasu. Amsar da ya bani har yau tana kunnena, yace mukhalafa wato laifin saɓa dokar gini bata bin wanda ya gina zuwa kabari, tana zaune a jikin gidan, duk wanda sunanshi ke kan sakki yau shi za a kira. Yace daɗewar abu ba izini bace, kawai ba a zo ba ne. Ya kuma nuna min wani abin da ya fi tarar tsorata ni, ɗakunan saman an ɗora su ne akan rufin kankare da ba a yi shi dan ɗaukar wannan nauyin ba, ya kaini ya nuna min tsaga a jikin ginshiƙi da aka shafe da filasta aka yi fenti a kai. Ƙanina da matarshi da jaririnsu a ƙarƙashin wurin suke kwana.

Mun je wurin lauya. Ya karanta takardar cinikin ya tsaya a layin nan na "a halin da yake", yace zaku iya shiga kotu da maganar aibin da aka ɓoye, amma zasu ce ɗakunan a fili suke kun gani da idonku, kuma banki ya gaya muku kun ci gaba, shari'ar zata ja kuma bai mana alkawarin komai ba. Dallalin tun da ya ji maganar ya daina ɗaukar wayata. Magadan kuma da muka zauna dasu a gidan limamin unguwa, babban cikinsu ya rantse shi yana yaro aka yi ginin bai san babu izini ba, kuma na yarda dashi, dan nima da za a tambayeni ɗakunan Gulail wanne ne da izini ban sani ba. Kuɗin an riga an raba, wata ta biya bashi wani ya yi aure. Liman yayi ta magana akan haƙƙi da cewa mamacin ne zai ɗauki nauyin, daga ƙarshe uku daga cikinsu suka haɗa mana riyal 40,000, biyu suka ce basu da shi. Kawu yace ki karɓa, da hanau gara mannau. Na karɓa.

Muhandis ya bi mana takardun gyara. Abinda ya yiwu a daidaita aka daidaita, muka biya tara, aka bar mana ɗaki ɗaya da banɗaki a sama bayan an ƙarfafa ginshiƙin, biyu suka tafi. Rumfar mota babu ma magana tunda titi ba namu bane. Na roƙeshi akan ɗakin Umma kamar in durƙusa, nace a rushe duk na saman a bar min wannan, yace ko da an bar miki shi katangar mutum kika jingina kuma duk damina sai kin jiƙa shi, zaki iya kwana da haka? Tara da leburori da kwasar ɓaraguzai da ƙarfafa gini da gyaran majalisin Ammu, dan mu muka gyara mishi, sun cinye dubu arba'in ɗin nan sun nemi ƙari, har yau ina biyan kawu.

Abinda ya fi min wuya duk cikin wannan shine gaya wa Umma. Wata ɗaya ina ɓoyewa, ina ce mata gyaran silin ne ya tsaya. Wani dare bayan isha'i ina shafa mata magani a gwiwa tace ke, ɗakin nan rushe shi za ayi ko? Na kasa ɗaga kai. Tace tun ranar da mutumin nan ya liƙa takarda na gani ta taga, kina tsammanin wanda aka taɓa tasa baya gane takardar tashi? Sai na fashe da kuka nace Umma ki yafe min, gwal ɗinki, warwaron Baba. Ta ɗora hannu a kaina tace gwal ɗin da ma na ranar wuya ne. Abinda ta roƙa ɗaya ne, kar a kawo katafila, bata son jin ƙararta kuma.

Ba a kawo ba, da ma lungun ba zai ɗauketa ba. Leburori huɗu ne da guduma, kwana uku, watan Maris 2023 gab da azumi. Na kai Umma gidan ƙanwarta a Makka ta yi sati. Ni na ɗau hutu na tsaya a kansu, na cire ƙofar ɗakin da kaina na ajiye, ban san me zanyi da ita ba har yanzu tana jingine a sama.

Yanzu majalisin maza na gaba shi ne ɗakin Umma, ƙannena suna karɓar baƙinsu a masallaci ko a sama. Banɗaki yana da 'yar tazara, da dare sai na riƙeta. Nace wa leburorin su bar tayil ɗin ƙasan tsohon ɗakin kar su fasa, muhandis yace babu laifi tunda ba rufi, aka dai gyara gangaren ruwa ya koma titi. In ka fita ta kicin zaka ga tayil mai ruwan ƙasa shimfiɗe a fili ƙarƙashin sama, har da alamar ƙafafun gadonta guda huɗu. Ta sa an jera mata tukwanen raihan da na'ana'a a jikin katangar, da la'asar in rana ta sauka takan fito da sandarta ta zauna a wurin da darduma, matar Ammu ta leƙo ta saman katanga su gaisa. Ran juma'ar da ta wuce a nan ta soya waina, ta zuba guda goma a kwano tace in miƙa musu.